Kafin ka ɗora wa wakilin AI laifi, duba takardar da ka ba shi

Mu ɗauki wani shago da ke sayar da kaya ta intanet, wanda ya sa wakilin ƙirƙirarriyar basira yana kula da koke-koken kwastomomi. Cikin kayan aikin da aka ba wakilin, wato ƙananan ayyukan manhaja da yake iya kira su yi masa wani abu, akwai ɗaya mai suna `refund`. Bayaninsa jimla ɗaya ce tak: "Yana mayar wa kwastoma kuɗi." Gurabe biyu gare shi da wakilin yake cikewa idan zai kira shi, `order` da `amount`, kuma an rubuta cewa na biyun lamba ne, shi ke nan. Kwastoma ta ce an kawo mata atamfa a yage, tana son a mayar mata da naira 5,000. Wakilin ya kira kayan aikin, ya sa 5000 a gurbin kuɗi. Can bayan fage manhajar tana magana ne da Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, shi kuwa Paystack da kwabo yake ƙirga kuɗin Najeriya. Abin da ya fita naira 50 ne. Babu saƙon kuskure ko ɗaya, domin a wajen manhajar komai ya tafi daidai. Wakilin ya gaya wa matar an mayar mata da kuɗinta, ya kuma ba ta haƙuri cikin ladabi.

Idan irin wannan ta faru, abin da ake fara cewa shi ne injin AI da ke tafiyar da wakilin ba ya da wayo, a canja wani. To ko wane inji aka kawo, daga ina zai san da kwabo ake lissafi? Ba a rubuta ba. Wanda ya gina manhajar ya sani, abokan aikinsa sun sani, yana nan cikin lambobin manhajar (code) da suka rubuta, amma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake isa gaban wakilin.

Abin da yake isa gabansa abu uku ne: sunan kayan aikin, bayaninsa da aka rubuta da harshen mutane, da tsarin gurabensa da ake rubutawa da JSON Schema, wata hanya ta fayyace irin abin da kowane gurbi yake karɓa. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI suka fito da hanyar kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa wakilai da kayan aiki da kamfanin Anthropic suka fitar a watan Nuwamban 2024, inda saba, wato manhajar da ke riƙe da kayan aikin, take amsa buƙatar `tools/list` da `name` da `description` da `inputSchema` na kowane kayan aiki. Wakilin ba ya buɗe lambobin manhajarka, ba ya leƙa shafin bayanai da ke wani waje, ba shi da wanda zai juya ya tambaya. Kamar sabon yaron shago ne da aka bar wa 'yar takarda a kan teburi, maigida ya yi tafiya kuma wayarsa a kashe. Bambancin kawai shi ne yaron shago zai iya tsayawa ya jira a dawo, wakilin kuwa sau da yawa cike gurbin yake yi da abin da ya fi kama da daidai, ya wuce.

Saboda haka auna ingancin wannan takarda aiki ne da ya cancanci lokaci kamar yadda ake ba gwajin lambobi lokaci. Misalan da zan kawo da Hausa na rubuta su don mu fahimci juna, ko da yake yawancin irin wannan bayani da Turanci ake rubuta shi.

Gwajin farko, wanda ba ya cin ko sisi

Ka fitar da ainihin abin da ake aika wa injin, ba abin da kake tsammanin ana aikawa ba. Wannan yana da muhimmanci domin manhajojin da ke tsakani sukan haɗa bayanin da kansu daga sharhin da ke cikin lambobi, wani lokaci su yanke shi, wani lokaci su zubar da bayanin gurabe gaba ɗaya ba tare da ka sani ba. Ka buga shi a takarda ko ka sa a allo, ka miƙa wa wani mai hankali da bai taɓa ganin manhajar ba. Ka ba shi buƙatun kwastomomi guda goma, ka ce ya rubuta wane kayan aiki zai kira a kowace da abin da zai sa a kowane gurbi. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka amsa masa tambaya. Duk inda ya ɗago kai ya ce "wannan da naira ne ko da kwabo?" ko "idan ban san lambar odar ba fa?", ka rubuta tambayar. Kowace tambaya rami ce a cikin bayanin, kuma a daidai wannan wurin ne wakilin zai yi hasashe.

Bayani mai kyau yakan amsa wasu tambayoyi tun kafin a yi su. Me kayan aikin yake yi, kuma a kan me? Yaushe ake kiransa, yaushe ba a kiransa, kuma idan ba shi ba to wane? Me ya kamata a riga a sani kafin a kira shi, kuma daga ina ake samo shi? Me yake dawo da shi? Yana canja wani abu a duniya, kuma ana iya warwarewa? Jagorar Anthropic ta ba da shawarar jimla uku zuwa huɗu a ƙalla ga kowane kayan aiki, fiye da haka idan mai sarƙaƙiya ne. A ganina ƙirga jimloli ba shi ne ma'auni ba, amma duk bayanin da bai wuce jimla ɗaya ba kusan kullum za ka tarar sunan kayan aikin kawai ya maimaita da wasu kalmomi.

Ga yadda na shagon nan zai koma idan aka gyara shi:

"Yana mayar da kuɗi zuwa katin ko asusun da kwastoma ya biya da shi, a kan oda guda ɗaya da aka riga aka biya. Kuɗin suna fita nan take kuma ba a iya janye su. Kafin ka kira shi, ka kira `nemo_oda` don ka tabbatar da lambar odar da abin da aka biya, sannan ka faɗa wa kwastoma adadin ka sami amincewarsa. Kada ka yi amfani da shi wajen soke odar da ba a biya ba, wannan aikin `soke_oda` ne. Yana dawo da lambar shaidar mayarwa da ragowar abin da ake iya mayarwa a kan odar."

Gurbin kuɗin kuma sunansa ya zama `adadi_da_kwabo`, nau'insa cikakkiyar lamba, da bayani cewa naira 5,000 ana rubuta ta 500000. Ka lura an sa ma'aunin a cikin sunan gurbin kansa. Wannan ya fi sa shi a bayani kaɗai ƙarfi, domin sunan ne injin yake rubutawa da kansa a daidai lokacin da yake cike lambar.

Wata 'yar magana a gefe ga mai son sa wa kayan aiki suna da Hausa: OpenAI ba ya karɓar komai a suna sai haruffan Turanci da lambobi da ɗan layin ƙasa da na tsakiya, kuma kada ya wuce harafi 64. Don haka `kudi` za ka rubuta, ba `kuɗi` ba. A cikin bayanin kuwa kana iya sa ƙ da ɗ da ɓ yadda kake so.

Gurabe, inda ɓarna ta fi yawa

Idan lokacinka kaɗan ne, ka kashe shi a nan. Zaɓen kayan aikin da ba shi ba yakan fito fili da wuri. Cike gurbi da abin da ya yi kama da daidai shi ne yake wucewa shiru, sai bayan sati a gano.

Maganar kuɗi ba ta ƙare a kwabo ba. Stripe, wani kamfanin biyan kuɗi irin Paystack, shi ma da mafi ƙanƙantar kuɗi yake lissafi, amma ya ware wasu kuɗaɗe da ba a raba su gida ɗari, cikinsu har da sefa ta yammacin Afirka da ta tsakiyar Afirka da yen ɗin Japan. Ke nan shagon da ke sayarwa a Kano da Maraɗi lokaci guda, ninkawa da 100 daidai ne a wani ɓangaren, ɓarna ce mai ninki ɗari a ɗayan. Ga kuma yadda mutane suke faɗin kuɗi da baki: a Nijar "dala" sefa 5 ce, "jika" kuwa sefa 1,000, don haka wanda ya ce dala ɗari sefa 500 yake nufi. Bayanin da bai tanadi wannan ba ya bar wakilin a duhu. Mafi aminci a nan shi ne kayan aikin ya karɓi kuɗi yadda aka rubuta a rasit tare da gurbin nau'in kuɗi, manhajar ta yi ninkawar da kanta, a kuma umarci wakilin ya maimaita wa kwastoma adadin da lambobi kafin ya aika.

Sai lambobin da ba na lissafi ba. Lambar asusun banki a Najeriya lamba 10 ce, kuma tana iya farawa da sifili. Idan aka ayyana gurbin a matsayin lamba, sifilin farko zai faɗi, ta koma lamba 9. Dole ta zama rubutu, da ƙa'idar da ke tilasta lamba 10 cif. Haka lambar waya: mutum zai rubuta ta da 080 a farko, manhajar kuwa ƙila tana jiran tsarin E.164, wato +234 ba tare da sifilin ba, ko +227 idan ta Nijar ce. Ka duba bayanin ka gani, ya faɗi wanne ake so? Ya faɗi wa zai juya ta, wakilin ko manhajar?

Kwanan wata ma haka. 03/04/2025 a wajenmu 3 ga Afrilu ce, a Amurka 4 ga Maris. A rubuta ƙarara cewa tsarin ISO 8601 ake so, shekara sannan wata sannan rana, kuma a faɗi agogon da ake bi. Saba da yawa da UTC, wato agogon duniya, suke aiki, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya, don haka odar da aka yi ƙarfe 12:30 na dare ranar Talata a Kano, a rumbun bayanai ranar Litinin take. Idan akwai gurbin "daga" da "zuwa", a faɗi ko ranar ƙarshen tana ciki. Rahoton cinikin wata yakan rasa kwana guda cur saboda wannan kaɗai.

Duk gurbin da amsoshinsa ƙididdigaggu ne, a jera su da `enum`, wato jerin amsoshin da aka yarda da su kaɗai. Idan matsayin oda huɗu ne, a rubuta huɗun. Barin sa a buɗe yana sa wakilin ya ƙirƙiro na biyar mai daɗin ji, manhajar ta dawo da jeri babu komai, shi kuma ya gaya wa kwastoma ba shi da oda. Gurbin da ba dole ba ne kuwa a faɗi abin da ke faruwa idan an bar shi. Sunaye masu harshen damo irin `user` ko `order` a warware su: lambar mutum ake so, ko sunansa, ko imel ɗinsa? `lambar_oda` ta kashe gardamar.

Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye, wato neman suna. Sunan mutum ɗaya yana iya zuwa a Muhammad, Muhammed, Mohammed, ko Mahamadou a takardun Nijar. Ɗanladi yana iya zama Danladi ko Dan Ladi a rumbun. Idan kayan neman naka harafi da harafi yake dubawa, dole bayanin ya faɗa, ya kuma ce idan ba a samu ba a gwada lambar waya. In ba haka ba wakilin zai ɗauki "ba a samu ba" a matsayin "babu shi".

Ka kuma yi hattara da misali. Misali ɗaya tilo a cikin bayani yakan zama tarko, domin injin yana iya manne masa. Ka sa lambar oda ta misali, wata rana ka gan ta a cikin kira na gaske lokacin da kwastoma bai ba da tasa ba. Lokacin gwaji ka riƙa bincika rikodin kiraye-kirayen ka ga ko ƙimar misalin ta ɓullo. Idan ta ɓullo, ka bayyana siffar lambar da kalmomi, ka ƙara cewa idan ba a ba da ita ba a tambaya.

Bayan ka gama da kowane shi kaɗai, ka jera su gaba ɗaya ka karanta, domin haka injin yake ganin su. Bayani biyu na iya zama masu kyau kowanne a karan kansa, amma a tare su rikita. `nemo_oda`, `duba_oda`, `samo_bayanin_oda`: ko kai da ka rubuta su, bayan wata uku za ka iya faɗin bambancinsu ba ka buɗe lambobi ba? Idan ba za ka iya ba, ko dai a haɗe su, ko kowanne ya ambaci ɗan'uwansa da suna ya faɗi iyakar da ke tsakaninsu.

Abin da kayan aikin ke dawo da shi ma bayani ne, kuma mutane sukan manta da auna shi. Saƙon da ya ce "kuskure 400" bai koya wa wakilin komai ba, zai sake aika abu ɗaya ko ya haƙura. Wanda ya ce "lambar asusu dole ta zama lamba 10, an aiko 9, duba ko sifilin farko ya faɗi" ya nuna masa hanyar gyara. A MCP akwai alamar `isError` da ake sawa a sakamako don saƙon ya isa ga injin ya karanta, maimakon ya tsaya a matakin sadarwa. Ka bi duk hanyoyin da kayan aikinka ke iya faɗuwa, ka karanta saƙon kowacce, ka tambayi kanka: wanda ya ga wannan kaɗai ya san matakin da zai ɗauka? Idan an yanke sakamako saboda tsawo, a faɗa a cikinsa cewa an nuna 20 cikin 340, ga yadda ake samun saura. Idan ba a faɗa ba, wakilin zai tara kuɗin oda 20 ya ce shi ne cinikin wata.

Mafi haɗari shi ne yankewar sadarwa a tsakiyar biyan kuɗi. Wakilin bai sami amsa ba, ya sake kira, an biya sau biyu. Bayanin ya faɗi ko maimaita kira yana da haɗari, ya kuma nuna kayan aikin da ake duba matsayin biya da shi kafin a sake. Maganin gaske a manhaja yake, wato mabuɗin hana maimaici irin wanda Stripe ke karɓa, amma ko da shi sai an gaya wa wakilin ya sake amfani da mabuɗin farko, kada ya ƙirƙiro sabo.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Duk abin da ya gabata karatu ne da ido, kuma ido yana ruɗin mai rubutu. Bayanin da ya yi maka kyau zai iya rikita injin, wanda ka raina kuma ya yi aiki. Hukuncin ƙarshe na gwaji ne.

Ka tara ayyuka 30 zuwa 50 don farawa. Ka ɗebo su daga ainihin saƙonnin da mutane ke aikowa, bayan ka cire sunaye da lambobinsu, kada ka zauna ka ƙirƙira su kana kallon bayanin. Wanda ya ƙirƙira yana kallo, kalmomin bayanin ne za su shiga tambayarsa, sai gwajin ya zama mai sauƙi fiye da rayuwa. Kwastoma ba ya cewa "ina son a mayar da kuɗin oda mai lamba kaza." Cewa yake "kayan nan da kuka kawo shekaranjiya ba su ba ne, ni dai a ba ni kuɗina." Idan masu amfani da abin Hausa suke rubutawa, ko Hausa gauraye da Turanci ko Faransanci, da ƙugiya ko babu, to haka ayyukan gwajin za su kasance, ko da bayanin da Turanci yake.

Kada duk ayyukan su zama masu tafiya sumul. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar inda amsar daidai ita ce kada a kira komai, misali mai tambayar abin da shagon ba ya yi. Jadawalin gwajin kiran kayan aiki na jami'ar Berkeley yana da sashe na musamman don wannan, domin injuna suna da saurin kai hannu ga duk kayan da aka ajiye musu. Ka sa wasu inda bayanin da kwastoma ya bayar bai cika ba, daidai shi ne a tambaye shi. Ka sa masu buƙatar kira uku ko huɗu a jere, inda sakamakon na farko ke shiga na biyu. Ka sa kaɗan inda ka sa kayan aikin ya faɗi da gangan, don ka ga yadda wakilin zai farfaɗo.

Kowane aiki ka rubuta masa yadda ya kamata rumbun bayanai ya kasance bayan an gama, kuma da wannan za ka yi hukunci. Kada ka yi hukunci da daɗin maganar wakilin, ka tuna na shagon nan har haƙuri ya bayar. Kada kuma ka tilasta hanya ɗaya, domin wani lokaci yakan bi wata hanya daban ya isa wurin da ake so. Ana yin duk wannan a rumbun gwaji da ake mayarwa yadda yake kafin kowane zagaye.

Kowane aiki a maimaita shi sau biyar a ƙalla. Injin ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum, kuma nasara sau ɗaya tana iya zama sa'a. Masu τ-bench, wani gwajin wakilai na kamfanin Sierra, a 2024, sun kawo wani ma'auni mai amfani: maimakon a tambaya ko ya ci sau ɗaya cikin gwaji da yawa, a tambaya ko ya ci duka. Lissafin yana da sauƙi kuma yana tayar da hankali. Idan damar nasara a kowane zagaye kashi 90 ce cikin 100, damar ya ci sau takwas a jere kusan kashi 43 ce kawai. Bayani mai harshen damo a nan yake tonuwa: aiki ɗaya ya ci sau uku ya faɗi sau biyu, alamar injin yana jefa ƙuri'a tsakanin fassara biyu.

Bayan adadin nasara, ka riƙa rubuta yawan kira a kowane aiki, yawan kiran da manhaja ta ƙi saboda gurbi mara kyau, da yawan tokin da aka ci, wato gutsattsarin kalmomi da injin ke ƙirga rubutu da su. Ka kuma zana tebur: a gefe kayan aikin da ya kamata a kira, a sama wanda aka kira. Duk akwatin da ya cika a inda sunan gefe da na sama suka bambanta yana nuna maka biyun da iyakarsu ta dushe.

Daga nan sai aikin da babu mai son sa kuma babu madadinsa, wato karanta rikodin duk wanda ya faɗi daga farko har ƙarshe. Ka nemi wurin farko da aka kauce, ba wurin da abin ya fashe ba, domin sau da yawa kuskuren yana kira biyu a baya. Ka tambaya: da me aka rubuta, da wakilin bai kauce a nan ba? Idan akwai amsa, laifin bayani ne. Idan abin yana rubuce ƙarara kuma aka tsallake shi, ƙila ya nutse cikin surutu ne, ko yana karo da wani umarni a wani wuri. Kana iya tambayar injin me ya rikita shi, yakan ba da haske, amma abin da ya aikata ya fi abin da ya faɗa game da kansa zama hujja.

Wajen gyara, abu ɗaya a lokaci guda, sannan a sake gudanar da dukkan ayyukan, ba wanda ya faɗi kaɗai ba. Jimlar da ta gyara `refund` tana iya sa wakilin ya daina kiran `soke_oda` a inda ya dace. Ka ɓoye kashi ɗaya cikin uku na ayyukan, kada ka duba su lokacin gyara, sai a ƙarshe. Idan sakamako ya tashi a waɗanda kake kallo bai motsa a ɓoyayyun ba, ka koya wa bayanin amsar jarrabawa ne kawai. Kuma da ayyuka 40, bambancin aiki ɗaya ko biyu ba abin dogaro ba ne, yana iya zama rawar injin ce.

Akwai gwajin da nake ganin ba a yi masa adalci, shi ne cirewa. Ka cire jimla ɗaya, ka gudanar da gwaji. Idan babu abin da ya canja, wataƙila ba ta aikin komai. Wannan yana da amfani domin ana aika bayanin dukkan kayan aiki a kowane zagaye na hira. Kayan aiki 40, kowanne tokin 300, ka ga 12,000 sun tafi kafin kwastoma ya ce uffan. Jimlolin gargaɗi kan abin da ba kasafai yake faruwa ba, irin biya sau biyu, su kam kada ka cire su sai ka tabbatar akwai aikin gwaji da ke taɓa su. A kuma guji rubuta gargaɗi da manyan haruffa da "DOLE" a ko'ina, domin injunan yanzu suna bin umarni sosai, kuma tsawa takan sa su kira kayan aikin har a inda bai dace ba. Faɗin dalili ya fi tsawa aiki.

Duk lokacin da aka canja inji, ko aka ƙara sabon kayan aiki, ko aka taɓa lambobin wani, a sake gwajin. Bayani yana tsufa. An canja adadin sakamako daga 50 zuwa 20 a manhaja, takardar tana nan tana cewa 50. Maganin wannan shi ne kowace da'awa da ke cikin bayanin, irin "yana dawo da sababbi da farko" ko "ba ya canja komai", ta sami ɗan gwajin lambobi da ke tabbatar da ita, bayanin kuma ya zauna a fayil ɗaya da lambobin don mai gyara ɗaya ya ga ɗayan.

Idan kayan aikin na wasu ne ka ɗauko, akwai ƙarin tambaya: bayanin yana da gaskiya? A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aikin MCP, injin ya karanta ya bi, mai amfani kuwa bai gani ba domin allonsa taƙaitaccen suna kawai yake nunawa. Don haka ka karanta cikakken rubutun da kanka. Duk bayanin da ke umartar wakili ya buɗe fayil da bai shafi aikin ba, ko ya ɓoye wani abu ga mai amfani, ko ya canja yadda yake amfani da kayan aikin wata saba, ka ajiye shi. Ka adana kwafin wanda ka amince da shi, ka riƙa kwatantawa, domin saba tana iya canja bayaninta bayan ka yarda. Alamomin MCP irin `readOnlyHint` da `destructiveHint` ma ikirarin mai sabar ne, ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da su idan ba a amince da sabar ba.

Wani lokaci kuma za ka gyara jimla sau huɗu, sau biyar, aikin yana ci gaba da faɗuwa. A nan matsalar ta wuce rubutu. Kayan aikin da ke buƙatar sakin layi uku don a bayyana cewa gurbi na uku yana aiki ne kawai idan na farko kaza ne, raba shi ya kamata a yi. Wanda kullum sai an kira uku a jere kafin a sami abu ɗaya, a haɗe su. Ƙa'idar da karya ta ke jawo asara kuwa, irin "kada a mayar da fiye da abin da aka biya", a rubuta ta a bayanin don wakilin ya sani, amma manhajar ce za ta tsare ta: ta duba adadin, ta ƙi kiran, ta dawo da saƙon da ke cewa abin da ya rage a kan wannan odar naira 3,200 ne.